Babi na Biyar: Buhun Taki a Bakin Gadar Gaya

Shekaru da yawa, duk wanda ya zauna kusa da gadar Gaya cikin bazara yakan ga manyan motoci suna haurowa daga Malanbil ta Benin, an lulluɓe kayansu da tamfol. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke fitowa, tafiyar kilomita ɗari bakwai da 'yan kai, kuma a cikin kayan da suke ɗauke da su akwai takin zamani. Sukan tsaya wajen 'yan duwan a duba takardu, sannan su ɗauki hanyar Dosso, wasu su zarce Yamai, wasu su karkata gabas zuwa Maraɗi da Damagaram. Manomin shinkafar da gonarsa ke bakin kogi yana ganin wucewarsu da idonsa. Ya san abin da ke ciki, ya san yana da rabo a wani sashe nasa, amma ranar da rabon zai dawo hannunsa ba shi ne ke yanke ta ba.

Idan aka ce gwamnati na tallafa wa manoma, abin da ake nufi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai kuɗi ne ake zuba wa manomi a asusunsa na banki, gwargwadon faɗin gonarsa, ko don a cike masa gurbin faɗuwar farashi. Tarayyar Turai na kashe abin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan wannan. Maƙwabtan Gaya na ƙetaren kogi sun ɗanɗana kuɗar irin wannan tallafi daga nesa, domin a 2003 Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai ƙara taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun, cewa kuɗin da Amurka ke bai wa manoman audugarta yana karya farashin tasu audugar. A Nijar kuwa da wuya tallafi ya zo a matsayin tsabar kuɗi. Yakan zo a siffar buhu: buhun taki da aka rage wa kuɗi, ko na irin shuka, ko na dusa da ƙwayar auduga don dabbobi, ko hatsin da hukumar OPVN ke sayarwa da rahusa idan damina ta tsaya kuma rumbuna sun yi ƙasa. Buhu kuwa sai an ɗauko shi, an sauke, an ajiye a sito, an rubuta sunan mai shi. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ana iya makara.

Abin da ya sa batun ya fi zafi a Gaya shi ne ƙasar da kanta. Nan ne kusurwar Nijar da ta fi samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara mai kyau, alhali a mafi yawan yankunan noma na ƙasar ana murna idan an samu rabin haka ko sama kaɗan. Ga Kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara. Ga kwarin Dallol Mawri da ruwansa ke kusa da sama, inda ake noman rake da rogo da dankali a inuwar giginya, ga Dallol Foga mai gishiri. A Tanda da Tunuga da Bana da Bengu da Yelu mutum na iya noma damina, ya noma rani. A arewa, inda ruwa ke iya ɗaukewa a tsakiyar damina, zuba taki caca ce: idan fari ya biyo baya, an yi asarar kuɗin, wani lokaci takin ma ya ƙona shuka. A Dandi, wato yankin Gaya, ruwa ya fi tabbas, don haka buhun taki ya fi saurin biyan kansa. Manomin nan bai buƙatar malamin gona ya lallashe shi kafin ya yarda da taki. Ya riga ya yarda, nemansa yake yi.

Wanda ya fi kowa nemansa shi ne mai shinkafa a filayen da gwamnati ta gyara, irin na Tara. Tun 1978 hukumar ONAHA ke kula da irin waɗannan filaye a faɗin ƙasa: a yi datsi don tare kogi, a ja magudanan ruwa, a girka injunan turo ruwa, a yanka fili kashi-kashi, sau da yawa rubu'in hekta ga kowane magidanci. Manoman na cikin ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda kowa ke kira kofaratif, kuma bayan kowace kaka mutum zai biya kasonsa na kuɗin ruwa da wuta da gyaran inji. Ana noma sau biyu a shekara. Idan komai ya tafi daidai, hekta na ba da tan huɗu zuwa biyar na shinkafa mai ɓawo. To amma shinkafar ban ruwa ba ta san haƙuri ba. Takin 15-15-15, wanda a Kamba ta Najeriya ake ce wa kamfa, yana da lokacinsa wajen dashe. Yuriya ana zuba ta ne kashi biyu, ɗaya lokacin da shuka ke yin 'ya'ya, ɗaya gab da ta ɗauki ciki. Idan waɗannan kwanaki suka wuce, sun wuce. Yuriyar da aka zuba bayan shinkafa ta fitar da kai ganye kawai za ta ƙara wa kore. Kuɗin ruwa kuwa ba ya raguwa don taki ya makara, kuma wanda ya kasa biya kaka bayan kaka yana iya rasa filinsa.

Shekara da shekaru takin gwamnati yana hannun hukuma guda, CAIMA. Ita ke sayowa, ita ke karɓar wanda ƙasashe irin su Japan suka bayar gudummawa, ita ke rarrabawa zuwa jihohi. An daɗe ana sayar da buhu mai kilo 50 a kan sefa 13,500, jaka goma sha uku da rabi, kuma har yau idan manoma na hirar taki wannan adadi ne suke aunawa da shi. Farashi ne mai sauƙi, ba wanda zai musa. Matsalar tana wajen yawa da lokaci. Abin da hukumar ke iya sayowa bai kai buƙatar ƙasa ba, kuma kuɗin sayen na jiran baitulmali, baitulmali na jiran haraji ko masu ba da agaji. Sai a wayi gari ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, sannan a ji sanarwa a rediyo cewa taki ya iso.

Akwai kuma illar da ba a cika gani ba. Ɗan kasuwar da ke da halin sayo taki da kuɗinsa ya kawo Gaya tun watan Afrilu yakan yi tunani sau biyu. Idan ya tara buhuna a shago, kwatsam na gwamnati ya sauka a kan jaka goma sha uku da rabi, wa zai sayi nasa? Sai ya ƙi sayowa, ko ya kawo kaɗan ya tsawwala. Shi kuma manomi yana jan ƙafa, yana cewa bari dai in jira na gwamnati. Kowa na jiran wani. A shekarar da takin hukuma bai zo da wuri ba, sai a rasa duka biyun.

A ganina wannan jira ya fi tsada ciwo. Manomin da ya san tabbas buhu jaka ashirin ne, kuma yana nan a shago duk ranar da ya so, zai yi lissafi: ya sayar da akuya, ko ya rage faɗin abin da zai noma, ko ya nemi ɗansa da ke ci-rani a Kwatano ya aiko. Wanda aka yi wa alkawarin jaka sha uku da rabi ba tare da rana ba, an hana shi yin lissafin ma. Kuma idan buhun ya zo bayan lokacinsa, me ake so ya yi da shi? Yana da bashin mai shago, yana da bakunan da ke jiran tuwo a watan Agusta, lokacin da hatsi ya fi tsada. Zai sayar, kuma ba na ganin laifinsa. Wanda ke da sito da kuɗin ajiya shi zai saya da araha, ya riƙe har noman rani, ya fito da shi a farashin kasuwa. Ta haka kuɗin da aka ware don mai rubu'in hekta ke ƙarewa a aljihun mai sito, ko da babu wanda ya saci komai a hanya.

A ko'ina cikin Nijar ana iya ba da wannan labari. Abin da Gaya ta ƙara a kai shi ne iyaka biyu. Malanbil na tsallaken gada, da babbar kasuwarta ta hatsi. Kamba, a jihar Kebbi, tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur. Mutanen garuruwan uku dangi ne, Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, wasu ma gonarsu na wancan gefe. Kuɗi biyu ke yawo a aljihu ɗaya: sefa, wadda aka ɗaure da yuro, da naira, wadda ke hawa da sauka. Saboda haka kaya ba su da farashi guda. Duk abin da wata gwamnati ta rage wa kuɗi yakan gangara zuwa inda ya fi daraja, cikin kwalekwale ko a bayan babur, kamar yadda ruwa ke neman kwari. Wata shekara takin Nijar ne ke fita. Wata shekara kuma, musamman idan naira ta faɗi, na Najeriya ke shigowa, ko wanda Benin ta tanada don manoman audugarta.

Idan aka bi diddigi ma, tallafi mafi girma da mai noman rani a Gaya ya daɗe yana mora daga Abuja yake fitowa. Ƙaramin injin ban ruwa fetur yake sha, kuma a da fetur ɗin da ake sayarwa cikin kwalabe da jarkoki a bakin hanya na Najeriya ne, mai rangwamen gwamnatin tarayya, wanda ya fi na gidajen mai na Nijar araha nesa ba kusa ba. Da shi aka shayar da albasa da tattasai da shinkafar fadama shekaru masu yawa, ba tare da an rubuta shi a kasafin kowa da sunan manomin Nijar ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, a watan Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Aka sha wuya har aka fara buɗe iyakokin a Disambar 2020. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur a jawabinsa na kama aiki, farashi ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki. Mai injin ban ruwa a Tunuga bai jefa wa kowa ƙuri'a a zaɓen Najeriya ba, amma a makon ya ji hukuncin a jikinsa.

Haka ma ta fuskar sayarwa. A Nuwambar 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa bashin iri da taki, kuma a Birnin Kebbi aka yi bikin. Jihar ta cika da noman shinkafa, ga manyan masana'antun casa a Argungu da Birnin Kebbi, kuma injin casa ba ya tambayar shinkafa takardar ɗan ƙasa. Dillalai suka riƙa bin gaɓar kogi da kuɗi a hannu. Ga manomin Gaya wannan kasuwa ce mai biya nan take, abin da masu saye na cikin gida ba kullum suke iya yi ba. Ga jami'in da ke Yamai kuwa abin takaici ne: an gyara fili da kuɗin Nijar, an rage kuɗin taki, shinkafa ta nuna ta ƙetare iyaka, ƙasa kuma na ci gaba da sayo ta Asiya. Dukansu biyu suna da gaskiya. Shi kansa shirin na Najeriya ya ƙare da tarin bashin da ba a biya ba, domin da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa.

Ba za a ce hukumomi ba su ga waɗannan matsaloli ba. A 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu ga noma. A watan Yunin 2006 suka sake haɗuwa a Abuja, suka ce kafin 2015 za a ɗaga takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a hekta zuwa kilo 50. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi nisa da wannan buri. A zamanin Shugaba Mahamadu Isufu aka kawo shirin 3N, wato 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, da tsarin Gidan Manomi a ƙananan hukumomi, inda aka so mutum ya tarar da taki da iri da abincin dabbobi da wurin gyaran kayan aiki a harabar guda, kusa da gida. Tunani ne mai kyau, domin nisa ma wani haraji ne a kan talaka. Sai dai gini daban, abin da ke cikin sito daban.

Gyara mafi zurfi ya biyo bayan yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Yankin Gaya na tsakiyar wannan yarjejeniya: akwai aikin ban ruwa na Siya-Kwanza, akwai gyaran hanyar da ta taso daga Dosso ta nufo kudu, da wadda ta biyo gefen kogi daga Margu. A cikin sharuɗɗan har da sake fasalin harkar taki, kuma a farkon 2018 gwamnati ta amince da tsarin. Manufar ita ce hukuma ta janye daga saye da sayarwa, 'yan kasuwa su shigo da kaya su yi gasa, gwamnati ta tsaya kan duba inganci da sa ido kan farashi. Tallafi kuma ya koma takardar rangwame, ko saƙo ta wayar salula, ga manoman da aka tantance, su kai wa dillali su cika ragowar kuɗin. Najeriya ta gwada makamancin haka tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, Malawi kuma ta yi suna da takardun rangwamenta tun 2005.

Tsarin ya amsa tambayar lokaci, tunda buhu na shago tun kafin ruwa. Amma ya buɗe wata tambayar: sunan wa zai shiga jerin? Idan an ce a rubuta magidanta, to ina matar da ke noma gayaunarta, ko wadda ke sayen shinkafa ta turara ta kai kasuwa? Ina saurayin da ke noma filin aro ko na jingina, wanda ba shi da wata takarda daga hukumar filaye? Wanda ba ya karatu, wayarsa kuma a hannun ɗansa take, yaya zai san saƙo ya shigo? Waɗanda ba su shiga jerin ba, kuma su ne mafi yawa, sai suka fuskanci kasuwa tsirararta, a daidai lokacin da ba ta da tausayi. Daga 2021 farashin taki ya fara hawa a duniya saboda tsadar iskar gas, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022 kuma yuriya ta haura ninki biyu na abin da aka saba. A wajen manomi, gyaran da tsadar sun zo rana ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne da ya ɗora wa na farko laifin na biyu, ya riƙa begen zamanin jaka sha uku da rabi, ya manta da shekarun da ya yi yana jiran buhun da bai zo ba.

Ba a kai ga ganin ƙarshen gwajin ba sai ga 26 ga Yulin 2023. Bayan juyin mulki ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gadar, motoci suka yi layi mai tsawon kilomitoci a ɓangaren Malanbil, MCC ta dakatar da ayyukanta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta na gadar saboda saɓaninta da Benin. Kayan da a da ke shigowa ta Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Garin da taki ke fara takawa a ƙasar Nijar ya koma kusan na ƙarshe a hanya. A Oktoban 2024 kuma hukumomi suka hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, don a sauƙaƙa wa mai saye a birni. Niyyar a fili take, kuma mai sayen tiya a Yamai ya ji sauƙi. Amma ga wanda ya sayi taki da tsada, ya sayi fetur da tsada, yana sa ran dillalin Kamba, an rage masa kuɗin kayansa ne bayan ya gama kashe nasa.

Akwai dabaru biyu da suka girma a ƙasar nan, waɗanda nake ganin sun cancanci kaso mafi girma na kuɗin tallafi fiye da yadda suke samu. Ta farko ita ce zuba taki ɗan kaɗan a ramin shuka, wadda masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka inganta tare da abokan aikinsu. Maimakon a watsa buhuna a faɗin gona, sai a sa giram 6 na 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, a kowane rami lokacin shuka. Gonar gero mai rami dubu goma a hekta za ta ci kilo 60 na na farko, ko kilo 20 kacal na na biyu. Sirrin shi ne jigawarmu ta fi ƙishirwar sinadarin fosfo, kuma saiwa na buƙatarsa tun tana jaririya. Wannan ya sake dawo da mu kan rana: kilo ashirin a hannu ranar shuka ya fi buhu uku a watan Agusta. Aiki ne mai cin baya, ba a ɓoye ba, kuma ba ya maye gurbin takin gargajiya da kwanan shanun Fulani a gona.

Ta biyu ita ce ajiyar hatsi a karɓi bashi, wadda wani shirin FAO ya yaɗa daga ƙarshen shekarun 1990, tare da ƙananan shagunan kayan noma na ƙauye da ke sayar da taki a ƙulli-ƙulli, daidai ƙarfin aljihu. Da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, manoma na tara buhunansu a sito guda, a sa kwaɗo biyu: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashin. Kowa ya karɓi kuɗi gwargwadon abin da ya ajiye, ya yi kiwo ko ƙaramar sana'a ko noman rani. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe sito, hatsi ya yi daraja. Lokacin buɗewar yakan faɗo gab da damina, don haka ƙungiyar da ta shirya na iya haɗa kuɗi ta sayi takinta a dunƙule tun cikin bazara, ba ta jiran sanarwar rediyo. Abin da take buƙata daga gwamnati bai wuce sito mai rufin kirki da ba ya yoyo ba, da asusun bashi da ke da kuɗi a watan Nuwamba, da jami'in da zai ɗebi samfuri daga buhunan dillali ya tabbatar cewa abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. A Gaya, inda kogi ya sha cika ya haura datsi, kamar a 2020 da 2024, sai a ƙara da sharaɗi guda: a gina siton a kan tudu.